Sunan Mai Haƙar Rijiya

Tun da na dawo daga umara ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Iya Ta-Rumbu, yaya Makka?" Waccan ta shigo ta ce, "Da gaske ne kin sauka a ɗakin 'yar majalisar Turawa?" Bakina ya gaji, kuma duk inda na zo ambaton Malam, marigayi maigidana, sai kuka ya ƙwace min, labarin ya tsaya a hanya. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Hadiza ta zauna da biro, ni in faɗa ita ta rubuta, tunda ko baƙi ɗaya ban iya ba. Wadda ta sake tambaya sai a karanta mata.

Sai na fara da maganar suna, don in ba haka ba ba za ku gane tafiyar ba. Sunana na yanka Rabi, ubana Tanimu. Ina 'yar shekara bakwai aka aiko ƙauyenmu cewa gidajen da aka rubuta su kawo yara makarantar boko, kuma sunana na cikin takardar. A wancan zamani kai yaro boko kamar jefa shi a wuta ne. Kakata, wadda ba ta son ko ƙuda ya sauka a jikina, ta ɗauke ni ta zura a rumbun gero ta rufe. Da malamin makaranta ya zo, sai ta tura masa Lami ta ce, "Ga Rabi Tanimu."

Lami marainiya ce a gidanmu. Ubanta baƙo ne, ya zo cin rani da ita a kafaɗa, uwarta ta rasu tun a garinsu. Yana haƙa mana rijiya ƙasa ta rufta da shi. Duk gari Mai-Rijiya ake ce masa, ba wanda ya damu da sunansa sai Kaka da ke ba shi abinci. Kowace shekara takan dama fura ta ba ni in kai wa liman sadaka, ta raɗa min sunan a kunne in faɗa masa. Ta hana ni gaya wa Lami, wai kada bakinta ya suɓuce a makaranta asiri ya tonu. Kaka ta rasu, liman ya rasu, sunan ya rage a bakina ni kaɗai.

Ni aka bar ni da Ta-Rumbu. Lami kuwa ta tafi da sunana, ta yi karatu, ta kama aikin gwamnati, aka tura ta ƙaro ilimi wata ƙasar Turawa mai sanyi wadda sunanta ba ya zama a bakina, ta yi aure can ta zauna. Wata rana Malam yana ɗinki da rediyo a gefe, sai ya tsayar da keke ya ce, "Ke, zo ki ji, an zaɓe ki." Wai Rabi Tanimu, baƙar fata, ta ci kujerar majalisar ƙasar. Ina riƙe da muciya a lokacin. Ya yi ta dariya, ni kuwa ranar tuwona ya yi gudaji.

Sau biyu Lami ta zo gida, sau biyun ta tambaye ni sunan ubanta, na ce na manta. Malam ya san ƙarya nake. Yakan ce, "Abin da ba naki ba ne ki ba mai shi." Ni kuma in ce, "Ita ta dawo min da nawa?" Ko shi ban taɓa gaya masa ba.

Malam ya rasu bara, bayan shekara hamsin da ɗoriya muna tare. Shi ke karanta min komai, daga takardar asibiti har rubutun jikin kwalbar magani. Ya daɗe yana cewa zai kai ni Makka, Allah bai nufa ba. Na fita takaba ba da daɗewa ba Lami ta kira wayar 'yata Asabe. Ta yi min ta'aziyya, sannan ta ce ta biya min umara, mu haɗu can. Ta ce ba ta da lafiya, likita ya gaya mata wannan ce doguwar tafiyarta ta ƙarshe, kuma tana so ta yi wa ubanta umara da sunansa. Ba ta ɓoye ba. Ni ma ban ce zan faɗa ba. Na dai ce Allah Ya kai mu.

A ofishin fasfo aka fara. Ma'aikacin ya karanta sunana ya ɗago ya ce, "Iya, sunan babbar mace gare ki." Na ce, "Ita ce dai da sunan ƙaramar mace." Bai gane ba, ya ce in kalli kyamara in daina ɗaure fuska.

Daga Kano muka tashi. Na zauna kusa da wata 'yar Zariya mai yawan zuwa saro kaya, ita ta ɗaure min bel, ita ta nuna min yadda ake buɗe abincin jirgi, wata shinkafa a ɗan akwati wadda ko jaririn kyanwa ba za ta ƙosar ba. Da jirgin ya fara gudu na kama hannunta ina salati, ta ce, "Iya, saki, da hannun nan nake cin abinci." Can cikin tafiya aka yi shela mun kusa wurin ɗaukar harami. Maza suka tashi suna ta ɗaura farare a tsakanin kujeru, wani dattijo nasa ya kwance ya cafe da haƙori. Na yi dariya, sai na tuna yadda Malam ke gwada ɗaurin nan a tsakar gida da zanen gado, wai kada ranar ta zo bai iya ba. Dariyar ta koma kuka, 'yar Zariya ta miƙo min ruwa.

A Jidda injin ɗaukar yatsa ya ƙi ni. Kafin in taho Asabe ta sa min lalle har ya yi baƙi, ga kuma yatsun shekara da shekaru na surfe da wanki. Ma'aikacin ya danna yatsana ya danna, yana cewa, "Marra tanya, ya Hajja," wato in sake. Mutanen bayana suka fara guna-guni. Na ce a raina, ga shi nan, injin ma ya san sunan ba ya hannuna. 'Yar Zariya ce ta leƙo ta ce in goga yatsan a gefen hancina ya samu maiƙo. Na goga, injin ya yi ƙara, aka buga min hatimi. Daga baya na ji Lami ita ko layi ba ta bi ba, fasfon Turawa gare ta, kuma a keken marasa lafiya aka turo ta.

A waje muka tarar da jagoranmu, Malam Nasiru, mutumin Katsina da ya daɗe yana karatu a Makka da iyalinsa. Ya zuba mu a bas. Hanya santsi kamar faranti, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe dama da hagu. Direban ɗan wata ƙasa ne, ba ya jin Hausa, amma ya iya "sannu" da "sauka," kuma duk wanda ya yi masa magana da su yake amsawa.

A otal aka yi kuskuren da kuka ji labari. Na riga Lami isowa da kwana ɗaya. Mai ba da ɗaki ya duba fasfona ya duba injinsa, sai ya miƙe tsaye. Aka karɓe min jaka, aka sa ni a lif wanda ya bar cikina a ƙasa, aka kai ni can ƙololuwa. Ɗaki ne da falo, da kwandon 'ya'yan itace, da taga wadda in ka tsaya ga Ka'aba nan a gabanka, mutane na zagayawa kamar hatsi a faifai. Na ce wa Malam Nasiru, "Haka ake sauke kowa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, ni dai ban taɓa hawa nan ba."

Na zauna a bakin gadon na shafa shi. Nan take na gane ba nawa ba ne, kuma nan take na ji nawa ne. Na ce ashe haka ake tarbar Rabi Tanimu a duniya. Shekara sittin da wani abu ana shimfiɗa wa sunana irin wannan gado, ni ina kan tabarma.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na sha fama da ƙofar kafin ta buɗu. Ga Lami a keke, ta rame, ga tabarau, ga furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Bayanta manyan otal biyu suna ta ba da haƙuri da Larabci da Turanci. Ta ɗaga musu hannu ta yi musu magana, suka tafi.

"Yaya Rabi," ta ce. Duk duniya ita kaɗai ke kirana haka.

"Honarabul," na ce. "An ce na shiga ɗakinki."

"Na gaya musu mai sunan ce ta karɓi ɗakinta. Ni zan sauka a na ƙasa."

"Kyautar mai abu ba ta yi masa zafi."

Ta yi dariya ta ce, "Bakin nan dai bai tsufa ba." Sannan ta kama hannuna ta ce, "Ya haƙurin Malam?" Sai muka yi kuka tare. Amma ko cikin kukan ina kallon agogon hannunta.

Ranar muka yi umararmu ta farko. Ni da ƙafa, ita ana tura ta. Ba zan iya kwatanta muku ganin ɗakin Allah kusa ba, sai wanda ya je. Na yi wa Malam addu'a har muryata ta dushe. Na kuma roƙi Allah Ya cire min ƙyashin Lami, amma gaskiya da rabin zuciya na roƙa, kamar mai ba da aron turmi tana fatan a ce an fasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a masallacin shi ne sallar gawa. Kusan bayan kowace salla sai a yi shela, a miƙe a yi wa mamata salla, maza da mata duka. Ku kun san a wurinmu mace ba ta zuwa. Ranar da aka fita da Malam ina cikin ɗaki, sawun ƙafafu kawai na ji suna nisa. A can kuwa ga ni tsaye ina kabbara a kan mutanen da ban sani ba, ba a ma faɗi sunansu ba. Duk wadda aka yi sai na ji kamar tasa ce aka maimaita min.

Abinci kuwa, da safe wake ne dakakke da mai, da wani burodi mai faɗi kamar murfin tukunya wanda suke kira tamis. Da rana shinkafa da nama a babban tire, a zauna a kewaye. Naman na da yawa, amma ba yaji, ba daddawa. Na fito da ɗan yajin da Asabe ta ƙulla min, sai ga hannun Honarabul ya miƙo. Na ce, "Turawa ba su hana ki ba?" Ta ce, "Likita ya hana. Zuba."

An kai mu ziyara Mina da Muzdalifa. Tunda ba lokacin aikin Hajji ba ne, Mina tantuna ne farare iya ganinka, ba kowa, kamar garin da aka yi wa shela kowa ya tashi. Muzdalifa fili ne kawai da tsakuwa. Malam ya haddace sunayen wuraren nan a jere, yakan faɗa min yana ɗinki. Na ɗauki tsakuwa ɗaya, Malam Nasiru ya ce in mayar, ba a fita da ita.

Kwana na biyar aka gayyaci Lami unguwar Hindawiyya, inda Hausawa suke da yawa, ta ce sai da ni. Tsohuwar unguwa ce mai cunkoso, lunguna, ƙananan kantuna, motocin haya suna ta hon. In ba don rubutun Larabci ba sai ka ce Fagge. Muka sauka a gidan Hajiya Zainabu, wadda a can aka haife ta, kakanta ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Sakkwato. Hausarta rabi ce da Larabci. "Tafaddalu, ku shigo, ahlan, gida naku ne." Mata sun cika falon, an sha turaren wuta.

Aka kawo gahawa a ɗan finjali, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don kada a ce na raina, na miƙa finjalin, aka sake cikawa. Na shanye, aka sake. Sai da na sha bakwai, zuciyata na bugawa kamar ganga, sannan Lami ta raɗa min cewa girgiza finjalin ake yi in an ƙoshi. Na ce, "Sai yanzu?" Ta ce, "Na ga kamar yana miki daɗi." A ƙasar Larabawa ma ta fi ni sanin yadda ake zama.

Suka ce ta ba su labari. Ta ce shekara ashirin ta yi a ofishin gwamnati mai ba talakawa da baƙi gidajen haya, tana ganin yadda ake mayar da takardar mutum ƙasan tari don launin fatarsa. Mutanen unguwarta suka ce ta tsaya zaɓe. Can ba a raba atamfa ko shinkafa, da ƙafa ake bi gida-gida ana ƙwanƙwasa ƙofa cikin sanyi. Wasu su rufe mata ƙofa a fuska, wani ya ce ta koma inda ta fito. Karon farko ta faɗi, na biyu ta ci. Ta shiga majalisa da ɗankwalinta, a jirgin ƙasa take zuwa kamar kowa. Ta ce abin da ta fi alfahari da shi wata doka ce da ta hana a kori tsoho daga gidan haya a lokacin sanyi, shekara shida tana fama kafin ta wuce. Sau uku aka zaɓe ta, ciwo ne ya sa ta sauka.

Matan suna ta "masha Allah," suna ɗaukar hoto, wata ta ce ta sa wa 'yarta Rabi saboda ita. Ni ina gefe da cikina cike da gahawa. Ina ji ina cewa, wannan bakin da ke magana a majalisa ni na koya masa cin tuwo da hannun dama. Da Kaka ba ta ɗaga murfin rumbun nan ba, da ni ce a tsakiyar falon.

Hajiya Zainabu ta juyo ta ce, "Ke fa, ya Hajja, ba mu ji isminki ba. Sunanki."

Na ce, "Rabi Tanimu."

Suka yi dariya. Wata ta matso ta ɗaga murya, ta ɗauka kurma ce ni. "A'a, naki sunan, naki."

Lami ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Nata ne, ni aro na yi." Ta ba su labarin rumbu daga farko har ƙarshe.

"To ke bintu wa?" in ji Hajiya Zainabu. "'Yar wa ce ke?"

"Ita ta sani," in ji Lami, ta nuna ni.

Ido ya dawo kaina. Na ce, "Na manta."

Hajiya Zainabu ta dube ni. Ta ce, "Mu nan ba mu da gona, ba mu da ƙauye. 'Ya'yanmu Hausar ma ta gagare su. Amma ki tashi kowane daga barci ki tambaye shi, zai faɗa miki sunan kakansa da garin da ya baro. Shi ke nan abin da muka riƙe. A tuna dai, ya Hajja." Aka kawo tuwo da miyar kuka, irin wanda na yi kwana biyar ina mafarki, na kasa ci.

A mota muna komawa na ce, "Kin kyauta. Kin tara min mata kin kunyata ni."

"Ni na tambaye ki sunanki?"

"Kin ci da shi, kin sha da shi, kin hau jirgi da shi. Abu ɗaya ya rage a hannuna, shi ma sai kin karɓa."

"Yaya, kina ganin an cuce ki da aka sa ki a rumbu. Ke aka ɓoye don ana son ki. Ni aka miƙa don ba mai kuka a kaina. Ina shekara shida aka ce in aka kira Rabi in amsa, in ba haka ba a yanka ni. Ranar da na yi rantsuwa a majalisa, da sunan ubanki na yi. Nawa ya mutu a ramin gidanku, ko a takarda ɗaya babu shi."

Na ce, "To ga inda rashin so ya kai ki, ga inda so ya kai ni."

Direban ya ƙara rediyo.

Jirginta saura kwana biyu, don haka washegari ce kaɗai ta rage mata. Da safe ta tambayi Malam Nasiru a gabana ko umara na yiwuwa ga mamacin da ba a san sunansa ba. Ya ce, "Ƙwarai, Hajiya. Niyya a zuciya take. Ki ce ubana, Allah Ya san shi." Ta ce, "Alhamdu lillahi. Shi ke nan, Yaya, na sauke miki." Kada ku ɗauka na ji sanyi. Zafi na ji. Abin da na rungume shekara sittin, ga shi an ce ko babu shi za a yi. Ko a nan ma ta fi ni.

Ni ma ranar na yi niyyar yi wa Malam tasa. Wanda zai sake umara sai ya fita wajen gari, wani masallaci da ake kira Tan'im, ya ɗauki harami daga can. Muka tafi bayan sallar azahar. Muka yi alwala, muka yi nafila a ɓangaren mata, muka fito inuwa inda Malam Nasiru ke jira. Ya ce za mu ce "Labbaika umratan an," sai mu ambaci wanda za a yi wa. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Iya, na san mutanenmu. In sunan maigida ya yi nauyi, ki ce mijina kawai."

Lami ta ce, "Yaya, fara. Ke kina da wanda za ki kira."

Ba da gatse ta faɗa ba, da na fi jin daɗi. Ta gyara zama a kekenta ta sunkuyar da kai tana jira.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mai haƙar rijiya takwaran Malam ne. Sunansu ɗaya na yanka. Ranar da aka gaya min sunan wanda zan aura, sai da gabana ya faɗi, don sunan da Kaka ke raɗa min ne. Daga ranar bakina ya rufe a kansa, kamar kowace matar kirki. Ba na ce kunya ce ta hana ni gaya wa Lami ba. Da na so, da na ce mata mai sunan Malam ne, ta je ta tambaya. Ƙyashi ne, kunya ta zame masa mayafi. Ita kuwa Malam Tela kawai ta san ana ce masa, kamar kowa.

Na tsaya a inuwar nan, bas-bas na ta sauke mutane, maza cikin farare suna wucewa. Na ce a raina, mutumin nan ya yi shekara hamsin yana jira ya kawo ni nan, ba zan zo ƙofar ɗakin Allah in ce "mijina" kamar wanda ba shi da suna ba. Na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na ce "Labbaika umratan an," na faɗi sunan. Karon farko ke nan tun ina budurwa. Ya fito baƙo a bakina, na ji kamar zai amsa daga bayana ya ce, "Ke, lafiya?" Na dafa kekenta.

"Allah Ya jiƙan Malam," in ji Lami. "Ashe sunansa ke nan. Suna mai daɗi."

Ta ji shi da kunnenta, ba ta sani ba. Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Na faɗa kuma ban faɗa ba, ko a lahira ina da abin cewa. Wallahi na yi wannan tunanin, a cikin harami, ba zan ɓoye muku ba. Ta ɗaga hannu ta fara, "Labbaika umratan an," ta ɗan tsaya tana neman yadda za ta ce ubana. Na ga bakinta a buɗe a kan wurin da babu komai.

Na ce, "Maimaita."

"Me?"

"Abin da na faɗa. Takwaransa ne."

Ta cire tabarau. Ta dube ni, ta dubi Malam Nasiru, shi kuma ya juya baya yana kallon motoci. Ta faɗi sunan a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ta sake faɗa. Sannan ta ce, "Ɗan wa?"

"Wannan ko Kaka ba ta sani ba."

"Wane gari?"

"Arewa dai. Dogo ne, yana da tsage uku a nan, kuma in yana cikin rami yana waƙa. Ke yake yi wa, don kada ki yi kuka a bakin rijiyar."

Ta rufe fuska da mayafi. Ban rarrashe ta ba, nawa ya ishe ni. Da ta natsu ta yi niyyarta da sunan, muka shiga mota muna talbiya. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, kowa da mamacinta, suna ɗaya. Da muka gama ni na yanke mata ɗan gashi, ita ta yanke min.

Ba ta ce min na gode ba, ni ma ban ce ta yafe min ba. Da safen da za ta tafi na sauko ɗakinta na tarar tana rubutu a wata 'yar takarda ta otal. Na ce, "Me kike rubutawa?" Ta ce sunan ne, za ta kai wa 'ya'yanta, kuma ta bar wasiyya a sa shi a jikin kabarinta, Lami 'yar wane. Na leƙa. 'Yan baƙaƙe ne, ba su kai tsawon ɗan yatsana ba.

"Haka yake?"

"Haka yake."

Ƙyashin ya taso min sabo fil. Ni na zauna da mai sunan shekara hamsin, ni na wanke masa kaya, ni na riƙe kansa da zai cika, amma ita daga jiya zuwa yau har ta san kamannin sunansa, tana iya kallonsa duk sanda ta ga dama. Na ce, "To ni ma rubuta min sunan Malam a tawa takardar."

Ta yage wata takardar ta rubuta da manyan baƙaƙe ta miƙo. Na karɓa ina dubawa. Ta kama hannuna ta juya takardar ta ce, "Ta nan ne sama, Yaya."

Na sa ta ta ɗiga min alama a saman, don kada in sake riƙe shi a kife.